Da Katin Baba Na Buɗe

Ni ban taɓa mallakar katin ɗan ƙasa ba. Ko takardar haihuwa ba ni da ita, don a ɗakin Inna aka haife ni a Gidimuni, ba wanda ya tuna da zuwa meri, ofishin magajin gari, a rubuta ni. Da muka kai aji shida aka ce sai mai takarda zai zauna jarrabawa. Baba ya ce zai nemo mini in an gama saran rake. Ni kuwa na riga na gaji da zaman benci, na ce ya daina wahalar da kansa. Na hau mota na zo Damagaram wurin ƙanensa da ke zaune a Zango, wanda muke ce wa Baffa.

Ba sana'ar da ban taɓa ba a garin nan. Kabu-kabu wata biyar. Walda sati uku, ido ya kumbura, na gudu. Na sayar da caja da rigar waya a bakin kasuwar Dole, na yi wa mai burodi rabo, na tura kurar ruwa lokacin da famfo ya ɗauke. Baffa yana cewa ƙafata ƙaiƙayi take yi. Wuri ɗaya kawai nake iya zama awa uku ban motsa ba, shi ne fadarmu, benci biyu da butar shayi a gindin dogon yaro.

A fadar na fara jin maganar kirifto. Wani abokinmu mai gyaran waya ne ya miƙo mini tasa wayar wata rana da la'asar.

"Kasuwa ce a cikin waya," ya ce. "Ka buɗe kont, asusunka ke nan, ka sayi dolar Amurka, ka ajiye. Ranar da kake so ka sayar wa wani ɗan kasuwa a ciki, ya turo maka sefa a lambarka. Ba layin banki, ba mai tambayarka ɗan gidan wa ne kai."

"To buɗe mini."

"Kawo kati."

Na ce ba ni da shi. Duk fada aka yi mini dariya.

"Kai bagidaje, pus ɗin da ke cikin wayarka da katin wa ka saye ta?"

Da na matar Baffa na saye ta. Rabin ƴan fadarmu ma da katin mutum ɗaya suka sayi nasu layin, wani tsoho mai gadi da ba ya hana kowa. A wurinmu kati abin aro ne, kamar tsani ko turmi. Ka karɓa, ka yi amfani, ka mayar, ka ce na gode. Ba wanda ya taɓa ganin laifi a ciki.

A lokacin katin Baba yana aljihuna, ya aiko mini da shi in saya masa sabon layi. Na ɗauki hoton gaba da baya. Sai abin ya ce yana son ganin fuskar mai katin. Ranar kasuwar garinmu na je gida, na same shi a lambu bakin tafki yana ban ruwa.

"Baba, Yaya ne ke son ganinka. Tsaya in ɗauke ka."

Ya ajiye guga, ya wanke fuska, ya ce in jira ya sa rigar kirki. Na riƙe masa waya na ce ya dubi dama, ya dubi hagu.

"Wannan hoto naka kamar mutum yana sallame salla," ya ce yana dariya. "Ka ce wa wanka muna lafiya."

Haka yake ce masa, wanka. Ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunansa a gabanmu ba. Kafin in fita daga lambun kont ya buɗe.

Yaya yana Libiya, gini yake yi. Sau biyu yana asarar abin da ya tara. Na farko masu bindiga suka shigar musu ɗaki da rana tsaka. Na biyu ya ba wani mutum saƙo ya kawo gida, mutumin ya ɓace a hanya, har yau. Shi ya sa na dame shi da saƙon murya. Na ce can ma akwai masu sayar da dolar waya, ya saya ya turo kont ɗina, ba ɓarawon da zai gani, ba mai cin amana a hanya.

"Kai da ba ka iya riƙe aiki sati uku," ya ce, "kai zan ba ajiya?"

Na ce ya gwada da kaɗan. Ya turo da safe, kafin magariba Inna ta riƙe kuɗin a hannunta. Daga nan ya sake. Shekara biyu duk abin da ya samu nan yake zubawa. Burinsa ya dawo ya yi ɗaki biyu na siminti, ya buɗe shago a bakin hanya, ya huta da ɗaukar bulo. Ni kuma ban taɓa cire ko sisi ba sai abin da ya ce in kai wa Inna, wannan kam ko Alƙur'ani zan dafa. A fada har suna ce mini direktan banki. Karo na farko ke nan da aka ba ni abu na riƙe ban saki ba. Abu ɗaya ne ban gaya masa ba: da sunan wa aka buɗe. Bai tambaya ba, ni ma ban ga abin faɗa ba.

Ranar da Baba ya faɗi, maƙwabcin lambunmu ne ya tsince shi tsakanin kunyoyin rogo, guga na gefe ruwa na zuba. Aka sa shi a amalanke zuwa hanya, aka tsayar da mota, aka kawo shi babban asibiti. Da na iso ban gane shi da farko ba. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu. Baki ya karkace gefe ɗaya, miyau na bin gemu. Idonsa dai nasa ne, yana bin kowa da kallo, amma in ya buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda ba kalma ba.

Likita ya ce sai an ɗauki hoton kai da sikaner a ga abin da ya faru a ciki, sannan a san maganin da za a sa shi. Bayan nan akwai watanni na gashi da motsa jiki. Ya ce kada mu ja lokaci. Inna ta sa aka sayar da awakinta, su suka riƙe mu kwanakin farko, ƙarin ruwa da allurai da gado. Yaya ya turo saƙon murya.

"Cire duka. Duka na ce. Don me nake tarawa?"

Na fita bakin ƙofar asibiti inda rezon waya ya fi ƙarfi, har ina jin daɗi a raina cewa yau za a ga amfanina. Na danna a sayar da komai. Abin ya yi ta juyawa, sai wani jan rubutu ya fito. Faransancina na aji shida ne, na gane kalma biyu kawai. Na hau kabu-kabu zuwa rumfar abokina mai gyaran waya a kasuwar Dole.

Ya karanta, ya sake karantawa.

"Ka canza waya?"

Na canza. Kwana goma kafin nan tsohuwar ta faɗa mini cikin kwata, na sayi wata ta hannu.

"To ka ga. Sabuwar waya, kuma ka ce a fitar da komai lokaci ɗaya. Sun ɗauka ɓarawo ne. Sun ce don kare dukiyarka suka rufe. Sai mai kont ya sake nuna fuskarsa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Minti ɗaya ne." Sai ya ɗago ya dube ni. "Kai, ba da katin tsohonka ka buɗe ba?"

Na koma asibiti da gudu. Ɗakin gado takwas ne, kowane gado da masu jinya a ƙasa a kan tabarma, da kwanoni da butoci. Inna tana yi wa Baba fifita.

"Inna, taimaka ki tallafe mini kansa."

"Hoto kuma a wannan halin?"

"Yaya ne ya ce."

Ta tallafe shi. Na goge masa baki da gefen rigata, na cire masa hula don abin ya ce kada a rufe goshi. Ban taɓa taɓa hular Baba a kansa ba sai ran nan. Wata da'ira ta fito a waya, fuskarsa a ciki. Aka ce ya ƙifta ido, ya ƙifta. Aka ce ya juya dama. Wuyan ya ƙi. Inna ta juya masa da hannu, abin ya ce akwai wani a hoton. Muka sake. A karo na uku muka kai har ƙarshe, ya yi tunani, sannan ya rubuto cewa wannan fuskar ba ita ce ta jikin katin ba. A dawo gobe.

Wani dattijo mutumin Droum da ke jinyar ɗansa a gadon kusa yana ta kallonmu.

"Samari, wayar taka tofi take yi? In tana yi ka zo nan ma ka yi mana."

Mutane suka yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora. Baba bai daina kallona ba.

Washegari na gwada da safe lokacin da fuskar ta fi sakewa. Na gwada a bakin taga, na gwada da fitilar wata wayar. Na sa yatsa ta ƙasa na ɗaga masa gefen bakin da ya faɗi, abin ya ga yatsan. Kwana uku muna haka. Kullum likita in ya zo zagaye sai ya tambaya ina maganar sikaner, in ce kuɗin na hanya. Kullum Yaya sai ya kira, in ce matsalar rezo ce. A rana ta huɗu na kasa, na ja Baffa gefe na gaya masa.

Bai zage ni ba, mamaki ma ya yi da abin ya dame ni.

"Yo wannan ne? Kawo nan. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Har a masallacin Juma'a mutane na gaishe ni a matsayinsa."

Ya gyara gemu, ya zauna a kan dakali, ya haɗe rai irin yadda Baba yake a katin. Ya juya dama, ya juya hagu, tsaf. Ko tunani abin bai tsaya yi ba, ya ƙi.

"Ƙarya take!" Baffa ya ce. "Wannan abin da aka ƙera jiya shi zai gaya mini ban yi kama da ɗan'uwana ba? Sake."

Ban samu na sake ba. Wani sabon rubutu ya fito cewa an ga yunƙurin yaudara, an ƙara rufe kont ɗin kwana uku.

Akwai wurin da ake rubuta koke a ciki. Abokina ya rubuta mini da Faransanci mai kyau, cewa mai kont yana kwance ba lafiya. Amsa ta zo nan take, kafin ma mutum ya iya karanta abin da muka rubuta: a nemi wuri mai haske, a cire tabarau. Muka sake rubutawa. Amsar dai ita ce. Abokina ya ce ba mutum ba ne, inji ne. Na tambaye shi ina ofishinsu yake in je. Ya ce ba su da ofishi a Damagaram, ba su da shi a Yamai, shi kansa bai san ƙasar da suke ba. Shekara biyu gumin Yaya yana hannun mutanen da ban san ƙofar gidansu ba, kuma sai ran nan tambayar ta zo mini.

Muna da wani gurup na masu kirifto, mutane sun fi a ƙirga, daga nan har Kano. Na yi saƙon murya a ciki, na faɗi komai, har kuka ya ƙwace mini a ƙarshe. Ban gama share ido ba wani ya kira ni. Hotonsa tambarin kasuwar ne. Ya fara da Faransanci, da ya ji ina in'ina sai ya koma Hausa.

"Allah ya ba Baba lafiya. Ni ma haka aka yi da mahaifiyata, na san abin da kake ji. Ni ma'aikacinsu ne na wannan yankin. Zan buɗe maka ta ciki, ba sai da fuska ba."

Wallahi tun da abin ya fara ba wanda ya yi mini magana mai taushi irin tasa. Ya ce kada in ba shi ko sisi, aikinsa ne. Abin da yake so kawai, wani kod na lambobin sirri zai shigo wayata, in karanta masa. A jikin saƙon an rubuta kada a ba kowa, na gani da idona, wannan Faransancin na iya shi. Na tambaye shi. Ya ce ai da baƙi ake nufi, ba ma'aikata ba. Na karanta masa. Wani ya sake shigowa, shi ma na karanta. Ya ce in ba shi rabin awa, in je in gaya wa likita ya shirya.

Na je na gaya wa likita. Wannan ne ya fi yi mini ciwo in na tuna.

Bayan rabin awa lambarsa ba ta shiga. Na buɗe kasuwar ta ce kalmar sirrina ba daidai ba ce. Ko ganin kuɗin ma na daina yi. Na zauna a ƙasa a bakin hanya, masu mota na yi mini oda. Wani mai lemo ne ya ja ni gefe.

Abokina da ya ji ya ɗora hannu a ka.

"Kai wane irin mutum ne? Ko akuya aka rubuta wa kada ta bayar, ai za ta tsaya ta yi tunani!"

Ya yini yana fama da wayar. Da la'asar ya gano cewa ɓarawon ya shiga, ya canza kalmar sirri, ya nemi kwashe komai, amma shi ma aka ce ya kawo fuskar Baba. Ƙofar da ta hana ni ita ta hana shi. Ban san ko in gode musu ba ko in tsine musu. Shigar tasa ce ma ta sa a ƙarshe wani mutum mai rai ya dubi maganarmu. Suka aiko da doguwar wasiƙa: za su kira ta bidiyo jibi bayan azahar, mai kont ya zo da katinsa da takardar likita, ya amsa tambayoyi da kansa.

Abokina yana karanta mini yana fassarawa, sai ya tsaya a wani wuri.

"Me suka ce?"

"Ba komai."

"Karanta."

"Sun ce in mai kont ya rasu, magada su kawo takardar mutuwa da ta gado, a ba su."

Na taho a ƙafa daga Dole har asibiti cikin rana. Zan faɗi wannan don gaskiya ne. A hanya na kama kaina ina lissafin wace takarda ta fi sauƙin samu. Bai fi tsawon numfashi biyu ba, amma na yi. Na tsaya jikin wani bango na amayar da shayin da na sha. Da na shiga ɗakin na kasa kallon gadon, na ce wa Inna kaina ke ciwo.

Washegari da hantsi Inna ta fita wanke kwanoni, na durƙusa kusa da kansa. Na gaya masa tun daga farko. Hoton lambu ba Yaya ne ya ce ba. Katinsa na sa. Kuɗin wana duka suna ciki, kuma su ne kuɗin maganinsa.

"Baba, gobe za su tambaye ka. Ba sai ka yi magana ba. Duk abin da suka ce, ka ɗaga kai kawai. In sun ce kai ka buɗe, ka ɗaga kai. Shi ke nan, a yi maka sikaner, ka tashi. Ka ji, Baba? Don Allah."

Ya daɗe yana kallona. Ya yi wannan sautin nasa, ya rufe ido. Na ɗauka ya yarda.

Ranar muka ari keken guragu muka fito da shi gindin wata bishiya a harabar asibiti. Inna ta sa masa wankakkiyar riga. Baffa ya tsaya a baya da katin da takardar likita. Waya ta yi ƙara daidai lokacin da suka faɗa. Wata mata ce da abin ji a kunne. Na yi ta haɗa Faransancina, na nuna mata takardu, na nuna mata hannun da ba ya motsi. Ta ce ta gane, ta yi mana sannu, ta ce in jira. Sai ta haɗa mu da wani mutum mai jin Hausa, irin ta Najeriya.

"Baba, sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne. Tambaya uku kawai zan yi, in e ne ka ɗaga kai, in a'a ne ka girgiza. Wannan katin naka ne?"

Baba ya ɗaga kai.

"Wannan da ke riƙe da waya ɗanka ne?"

Ya ɗaga kai.

"Madalla. Kai ka buɗe wannan asusun, da saninka da yardarka?"

Baba ya ɗauke ido daga wayar ya dube ni. Na yi masa alama da kaina, a hankali, yadda mutumin ba zai gani ba. Sai ya girgiza kai. Wuyan da ya ƙi juyawa kwana da kwanaki, ya ja shi da ƙyar zuwa wannan gefe, ya dawo da shi.

"Bai ji ba ne," na ce. "Ciwon ya taɓa masa kai. Sake tambayarsa."

Mutumin ya sake, da kalmomi masu sauƙi. Baba ya sake girgizawa.

"Yaya, me kake yi haka?" Baffa ya ce wa Baba daga baya. "Maganinka ne fa!"

"Wallahi ba ya ganewa!" Na ɗaga murya har mutane suka juyo. "Ba ya gane komai!"

"Baba," mutumin ya ce, "in kana fahimtar abin da nake faɗa, ɗaga mini hannunka mai lafiya."

Baba ya ɗaga hannun hagu, ya riƙe shi a sama.

Mutumin ya yi ɗan rubutu. Sannan ya ce tunda an buɗe asusun da katin wani ba da saninsa ba, ba shi da ikon buɗewa. Za a tura maganar wani ofishi su bincika. Zai iya ɗaukar watanni, kuma ba zai yi mini alkawarin komai ba.

"Malam, kuɗin wana ne. Shekara biyu yana ɗaukar bulo. Ba na sata ba ne. Ga mai katin a gabanka, ubana ne, don shi za a cire!"

"Na ji ka. Wallahi na ji ka, ɗan'uwa. Ba a hannuna yake ba."

Hoton ya ɗauke.

Inna ba ta tambaye ni komai ba, ta riga ta ji duka. Ta gyara wa Baba ƙafar da ta zame daga keken, ta ce rana ta yi masa yawa. Ni na tura shi muka koma. Ina kallon ƙeyarsa ina jin kamar in girgiza keken in tambaye shi me ɗaga kai sau ɗaya zai rage masa. Da muka kwantar da shi ya kama hannuna da na hagun, ya matse sosai. Ban san ko haƙuri yake ba ni ba ko faɗa yake yi mini. Na zare hannuna na fita. Wannan ma na yi.

Ba a yi sikaner ba. Baffa ya zaga ƴan'uwa, abin da aka samu ya sayi magani na ɗan lokaci. Bayan sati ɗaya likita ya rubuta mana ordonas, takardar sayen magani, ya nuna mini yadda zan riƙa miƙe masa hannu da ƙafa safe da yamma, ya ce mu je gida tunda zaman ba ya ƙara komai. Muka ɗauki kujerar baya ta wata mota. Daga inda ta sauke mu zuwa gida yashi ne, na goya shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Tun ran nan ina Gidimuni. Ni ke ban ruwan lambu, ni ke juya shi, ni ke miƙe masa gaɓoɓi. Wata na bakwai ke nan, ban taɓa daɗewa haka a wuri ɗaya ba. Akwai wani tudu bayan gari inda rezo ke kamawa, duk Juma'a nakan hau in duba. Rubutun bai canza ba, ana kan bincike.

A kan tudun na kira Yaya, kwana biyu bayan mun dawo. Na so in yi masa saƙon murya in kashe waya, Inna ta ce a'a, da bakina zan gaya masa yana ji. Na gaya masa komai, har kod ɗin da na bayar, har tambayar ta uku. Ina jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa.

"Shi ya girgiza kan da kansa?" ya ce.

"Da kansa."

"Sau biyu?"

"Sau biyu."

Ya ja numfashi. Na jira zagi, na ma fi son ya zage ni.

"Yana cin abinci?"

"Kunu kawai. Da cokali."

"Ka riƙa sa masa madara a ciki. Zan nemi wanda zai kawo saƙo da hannu." Wani ya ƙwala masa kira da Larabci, ya amsa. "Akwai wani gini da za a fara bayan wannan, zan karɓa. Ka ce wa Inna dawowata ba bana ba."